Ƙotar Takobin Gado: Kun Tambaya, Mun Amsa

Tun da aka sauka daga hawan babbar sallah wasiƙu suke shigo mana daga arewacin Kamaru da Chadi a kan matsala guda: an ciro takobin gado daga inda yake rataye, an tarar ƙotarsa ta lalace. Amsoshin da ke ƙasa daga bakin mutum uku suka fito, maƙeri, baduku, da ma'aikacin adana kayan tarihi. Mun haɗa bayaninsu wuri ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna da takobin da muka gada daga kakan mahaifinmu, wanda ya yi wa fada hidima a kan doki. Ruwansa lafiya lau, amma ƙotar tana girgiɗi, makarin hannu kuma yana ƙara idan aka jijjiga shi. Wani mai walda a unguwarmu ya ce cikin minti biyar zai ɗaure shi har abada. In ba shi? Daga mai karatu, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba shi. Walda tana narka ƙarfe ne da zafin da ya haura digiri 1,400, alhali taurin da maƙeri ya ba ruwan takobi yakan fara sauyawa tun daga wajen digiri 200. Kafin mai waldar ya ɗaga hannu gindin ruwan ya yi shuɗi, dalmar da ta riƙe fallayen tagulla ta zube, fata ta ƙone. Kuma a gefen waldar ne takobin zai karye nan gaba, domin tsohon ƙarfe mai tauri yakan yi gautsi a wurin da wuta ta taɓa.

Fara sanin yadda aka haɗa abin da ke hannunka. Ruwan takobi ba a makari yake ƙarewa ba, yana da wutsiya, siririn ƙarfe da ya ratsa makarin ya shige cikin ƙota. A irin takobin da aka saba gani a fadodin Garwa, Marwa, Rai Buba da Ngaundere, wanda Hausawa, Fulani da Buzaye suka yi tarayya a kansa, wutsiyar takan fito ta saman dunƙulen da ke kan ƙota, a daddaka ta da guduma har ta baje. Wannan bajajjen kan shi kaɗai ne ya matse makari da ƙota da dunƙule suka zama abu ɗaya. Ita ƙotar, wani lokaci bututun ƙarfe ce, wani lokaci itace siriri, an lulluɓe ta da fata ko fallen tagulla. Saboda haka da zarar wani abu a cikin jerin nan ya ragu ko da milimita ɗaya ne, duka sai su saki.

Shimfiɗa farar takarda, ka riƙe takobin a kanta ka ɗan bubbuga ƙotar da tafin hannu. Abin da ya zubo shi zai gaya maka ciwon. Ɓarɓashi ja mai duhu tsatsa ce tana cin wutsiya. Gari mai laushi kalar itace aikin ƙwaro ne. In babu abin da ya zubo, to itace da fata ne suka tsuke saboda bushewa, abin da hunturu yake yi musu kowace shekara idan laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Bayan haka ka riƙe ruwan da tsumma mai kauri, ka gwada murɗa ƙotar a hankali. Girgiɗi kaɗan ba komai ba ne. Amma in ƙotar tana juyawa ruwan yana tsaye, ko ruwan yana ɗan zarowa, akwai yiwuwar wutsiyar ta karye a ciki, kuma wannan takobin ya gama fita taro.

In tsukewa ce kawai, maganin ba ya buƙatar a kwance komai. Fiƙe ƴan sandunan busasshen itace guda biyu ko huɗu, tsawon kowanne santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, kaurin gindinsa milimita ɗaya zuwa biyu, bakinsa siriri. Cusa su a ratar da ke tsakanin ruwa da makari, ɗaya ta wannan fuska ɗaya ta waccan, don kada ruwan ya karkace. Da wani itacen za ka tura su, ba da guduma ba. In ratar tana tsakanin ƙota da makari ne, ko tsakanin ƙota da dunƙule, zaren auduga mai ƙarfi da aka goga wa kakin zuma ya isa: a yi ta naɗawa a cikin ratar har girgiɗin ya tsaya, a tura bakin zaren ƙarƙashin naɗin. Fabrairu ko Maris ya fi dacewa da wannan aiki, lokacin da itace ya kai ƙarshen bushewarsa. Sai dai kada a matse da yawa, domin a Agusta itacen zai kumbura, kuma tsohuwar ƙota da aka cika wa ciki tsagewa take yi.

Kwance takobi shi ne mataki na ƙarshe. Dole sai an goge bajajjen kan wutsiya da magagari, wanda ke cinye milimita biyu zuwa uku na tsawonta, sannan a wajen mayarwa sai an rage ƙota ko an ja wutsiyar da guduma. Takobin da aka kwance sau uku ba shi da sauran abin dakawa.

TAMBAYA: Takobin marigayi mai gidana yana wurina ina ajiye wa ƴaƴansa. Fatar ƙotar ta bushe tana ɓarewa, idan na taɓa sai jan gari ya manne mini a hannu. Na shafa mata man kaɗe sau biyu, sai ta yi baƙi tana danƙo. Me zan ƙara? Daga wata uwa, Marwa.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Kada ki ƙara komai na mai. Man kaɗe, man shanu, man gyaɗa, Vaseline, duk sukan taimaki takalmi ko linzamin da ake amfani da shi kullum. Tsohuwar fatar da zarenta ya riga ya ruɓe ba ta komawa da mai. Man yakan zauna a cikinta ya yi tsami, ya jawo ƙura da fumfuna da ƙwari, ya ratsa zuwa tagulla ya sa ta fitar da kore.

Jan garin nan alama ce ta ruɓewar da ke kama fatar da aka jeme da itatuwa. Iskar da ke ɗauke da hayaƙi, da zafi, da shekaru, su suke sa tsami ya taru a cikin fatar har ya tsinka zarenta. Jimar bagaruwa, wadda majeman Marwa da Kano da Sakkwato suka gada, tana cikin masu ƙarko, shi ya sa masu ɗinkin littattafai na Ingila suka daɗe suna neman jar fatar akuyar ƙasar Hausa. Amma ita ma tana da iyaka, musamman a ƙota, inda gumin hannu mai gishiri ya shekara da shekaru yana shiga.

Abu mafi muhimmanci: kada ruwa ya taɓa ta. Fatar da ta kai wannan hali, ɗigon ruwa ɗaya yakan sa ta yi baƙi ta ƙanƙance ta taurare nan take, kuma ba ta dawowa. Ki share ƙura da burushi mai laushi, irin na masu zane, kina bi ta inda ɓawon ya kwanta. Man da ya yi danƙo a sama ki rage shi da auduga a kan tsinke, wadda aka ɗan jiƙa da White Spirit na shagon fenti. Mirginawa za ki yi, ba gogewa ba, ki sauya audugar da zarar ta yi datti, kuma ki fara gwadawa a wani ɓoyayyen gefe. Ba zai fita duka ba. Abin da ya shige ciki ya shige.

Don garin ya daina zuba, masu adana kayan tarihi suna amfani da wani farin gari mai suna Klucel G. Ana zuba giram 2 a cikin mililita 100 na alkol mai ƙarfi, a rufe kwalbar a bar ta ta kwana har ya narke ya yi yauƙi, a shafa siriri da burushi sau ɗaya, a jira awa guda, a ƙara in da buƙata. Alkol mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari da ake samu a farmasi yana da ɗan ruwa a ciki, don haka gwaji a gefe wajibi ne. Wanda ya kai 99 ya fi aminci. Klucel G akan yi odarsa ne daga masu sayar da kayan gyaran littattafai. Kuma ki sani riƙe saman fatar kawai yake yi, ba ya mayar mata da ƙarfi. In bai samu ba, ki naɗe ƙotar da wankakken farin ƙyallen auduga ki daina taɓa ta. Wannan ma gyara ne.

Ɓawon da ya ɗago bai rabu ba ana iya kwantar da shi da kunun alkama mai kauri: awo ɗaya na garin sitacin alkama, awo huɗu na ruwa, a dafa a kan wuta kaɗan ana juyawa minti ashirin, a bari ya huce. A ɗiba da bakin tsinke, kaɗan ƙwarai, a sa a ƙarƙashin ɓawon, a danne, a naɗe da zare sako-sako har washegari. Shi ma da ruwa a cikinsa, saboda haka a fatar da ba ta fara zubar da jan gari ba kaɗai ake sa shi. Inda fata ta ɓace gaba ɗaya, baduku zai iya fere ƴar fatar akuya ya tura bakinta ƙarƙashin tsohuwar, ba a kanta ba. Ki hana shi yanke tsohuwar don wai aikin ya yi kyau. Yawancin dukawa hannunsu can yake fara zuwa.

TAMBAYA: Namu takobin irin na Wadai ne, mai makari kamar gicciye. Itacen ƙotar ya tsage daga sama har ƙasa, akwai kuma ƙananan huji. Dattawa sun ce a jiƙa shi da kananzir. Daga mai karatu, Abeshe.

AMSA: Ɗan'uwa, irin naku, wanda aka sani daga Wadai da Bagirmi har Darfur, haɗinsa ya sha bamban da na Garwa. Galibi wutsiyarsa gajera ce, ba ta fitowa ta sama. Ƙotar itace ce, an soke ta da ƙusa ko fegi da ya ratsa huji a jikin wutsiyar, harsunan makarin kuma sun kwanta a cikin itacen, sannan fata ko azurfa ta rufe komai. Ke nan itacen nan shi ne ƙarfin takobin, tsagewarsa ba ƙaramin abu ba ce.

Tsaga iri biyu ce. Wadda bushewa ta jawo takan buɗe da rani ta rufe da damina, cikinta kuma tsaf. Wadda tsatsa ta jawo ba ta rufewa, bakinta yakan yi baƙi ko ja, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma ninki da yawa, tana tura itacen daga ciki. Ta biyun in aka matse ta da ƙarfi ba a cire tsatsar ba, sai itacen ya fashe ta wani gefen. A kankare abin da ake iya kaiwa ta cikin tsagar da tsinken gora ko allura mai kauri, a hure garin da busasshiyar iska, ba da baki ba.

Hujin kuma, a fara tabbatarwa ko ƙwaron yana nan. A share, a kwantar da ƙotar a kan baƙar takarda a cikin leda a rufe, a duba bayan mako uku. In sabon gari ya taru, yana raye. Kananzir ba ya kaiwa inda tsutsar take, yakan ɓata fata, kuma gam ba zai ƙara kama itacen ba. Fiya-fiya ta fi muni: guba ce ga mutanen gida, tana kuma cin ƙarfe da tagulla. Sanyi ne magani. A naɗe takobin da ƙyallen auduga, a sa a leda mai kauri a matse iskar a ɗaure, a ajiye a injin daskarewa mai kaiwa digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifili har mako biyu. In an fito da shi kada a buɗe ledar sai bayan kwana ɗaya, don raɓa ta sauka a kan leda ba a kan ƙarfe ba. Inda wuta ke yawan ɗaukewa a nemi injin da ba ya mutuwa, domin narkewa da daskarewa a kai a kai ba ya kashe ƙwaron, wahalar da itacen kawai yake yi. Ƙotar hauren giwa ba a sa ta a sanyi.

Itacen da ƙwaro ya rarake ana ƙarfafa shi da Paraloid B-72, wani gam na masu adana kayan tarihi: giram 10 a mililita 100 na asiton (sinadarin da ake goge fentin farce da shi), a ɗura a huji da sirinji har ya daina sha. Mai kauri, giram 40 a mililita 100, shi ne na manna tsaga. Amfaninsa shi ne ko bayan shekaru asiton zai narkar da shi a sake gyara. Amma ga abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba: B-72 yana fara laushi ne a wajen digiri 40, zafin da Abeshe da Njamena suke wucewa a Afrilu da Mayu. Don ɗurawa a huji ba matsala, amma don riƙe tsagar da ke ɗaukar nauyi a nemi ɗan'uwansa B-44, wanda sai wajen digiri 60 yake saki. In duka biyun sun gagara, gam ɗin fata na tsofaffin kafintoci ya wadatar: awo ɗaya da ruwa awo biyu, a jiƙa ya kwana, a ɗumama kwanon a cikin ruwan zafi kada ya tafasa, a shafa da ɗuminsa, a ɗaure da tsumma awa 24. Farin gam na katako kuwa a bar shi, yana da tsamin da ke sa wutsiya tsatsa.

TAMBAYA: Wani kore-kore yana fitowa inda tagullar makari ta haɗu da fata. Zan iya wanke shi da lemun tsami da toka kamar yadda ake wanke tasa? Daga ɗalibi, Ngaundere.

AMSA: A'a, ɗana. Taɓa shi da tsinken sakace. In yana da maiƙo yana lanƙwamewa, kitsen fata ne ya haɗu da jan ƙarfen da ke cikin tagulla. Kankare shi da tsinken, ka goge wurin da auduga mai ɗan White Spirit, ka wanke hannu da sabulu domin guba ne. In kuwa gari ne fari-kore mai tashi, wanda yake dawowa bayan an share, gishiri ne yake cin tagullar, kuma laima ce ke ciyar da shi. A Ngaundere, inda damina ke kai wata bakwai, wannan ya fi yawa. Share shi, ka ajiye takobin a akwati mai rufi da ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi da na magani.

Lemun tsami yakan gangara ƙarƙashin falle inda ba za ka iya ɗauraye shi ba. Toka tana kankare zanen da aka yi wa tagullar. Brasso, man goge tagulla na kanti, kuma yana da sinadarin amoniya da ke tsattsaga siririn falle, ga farin saura da yake bari a cikin zane. Duhun da tagulla ta yi da shekaru ba datti ba ne, kariya ce, kuma masana da shi suke gane tsufan abu.

TAMBAYA: A gidanmu ana cewa takobinmu ya halarci yaƙin da aka kashe Rabe. Wani yayanmu ya naɗe ƙotar da robar tayar keke da salatif, ya ɗura Super Glue. Yaya za mu cire? Kuma ƙotar ta asali ce? Daga mai karatu, Kusiri.

AMSA: Malam, robar ce za a fara cirewa, yau ma in da hali. Robar taya tana fitar da farar wuta, wadda ke baƙanta azurfa da tagulla, in ta tsufa kuma ta narke ta manne. A yanka ta da reza a kan wani siririn kwali da aka tura ƙarƙashinta, kada a warware da ƙarfi. Salatif a ɗaga shi a kwance, a hankali, ana ɗiga White Spirit a bakin da yake rabuwa. Super Glue asiton ne ke narkar da shi: a ɗora jiƙaƙƙiyar auduga, a rufe da leda minti goma, a kankare da itace, a maimaita. A kan ƙarfe da itace ke nan. Wanda ya shiga cikin fata a haƙura da shi, domin asiton zai busar da ita ya kwashe rininta. Garin neman gira kada a rasa ido. A yi aikin a waje, nesa da wuta. Da Araldite ya ɗura, da labarin ya fi haka tsawo, don shi ba ya narkewa da abin da ake samu a gida.

Yaƙin Kusiri, inda aka kashe Rabe, mayaƙin nan da ya ci Borno, an yi shi ne ranar 22 ga Afrilu 1900, kuma ba abin mamaki ba ne ruwan takobi ya girmi wannan shekara nesa. Da yawa daga cikin ruwan takubban yankin nan an ƙero su ne a Turai, musamman garin Solingen na Jamus, suka ƙetaro Sahara ko suka biyo ta Masar, maƙeran gida suka yi musu ƙota. Wasu kuma a gida aka ƙera su aka buga musu tambarin jinjirin wata biyu irin na Turai. Ƙota da kube kuwa ana sabunta su duk lokacin da suka gaji, don haka ruwa ɗaya yana iya cin ƙota uku ko huɗu. In ka ga zaren roba, fallen gwangwani, farin ƙarfen tukunya ko fatar kamfani, wannan ɓangaren na baya-bayan nan ne. Duk da haka kada a jefar da shi.

TAMBAYA: Ni mahayi ne, kowace sallah ina fita a tawagar Lamiɗo. Ƙotar takobin mahaifina ta ruɓe sarai, babu abin ceto. Ina so a yi sabuwa in ci gaba da jinjina da shi. Daga mahayi, Mindif.

AMSA: Ranka ya daɗe, shawararmu ta gaskiya ita ce ka sa maƙeri ya ƙera maka sabon takobi na hawa, na mahaifinka ya huta. In kuwa ka ƙudura, to wutsiya za a fara dubawa bayan an cire ruɓaɓɓen itacen, musamman kafaɗa, inda ta haɗu da ruwa. In tsatsa ta ci kashi ɗaya cikin uku na kaurinta, ko akwai tsaga ko siririya ce, a bar maganar. Ruwan takobi da ya fizge a tsakiyar sukuwa cikin taron jama'a ba abin wasa ba ne.

In wutsiyar lafiya take, a ɗauki hoton komai kafin a taɓa, a auna tsohuwar ƙota tsawo da kauri. A kankare tsatsar da ke tashi da burushin waya mai laushi, a bar baƙin da ya kama jiki, a goge da alkol, a shafa kaki siriri. Ba a kai ta bakin injin wasa wuƙa.

Itace ya zama wanda ya shekara a inuwa. Aduwa tana da kyau, tana da tauri ba ta saurin tsagewa. Kanya ma haka. A tsaga shi biyu, a kwantar da wutsiyar a zana siffarta, a sassaƙe rami a kowane ɓari daidai rabin kaurinta. Don a gane inda ya tokare, a shafa wa wutsiyar gawayi a haɗa, inda baƙi ya fito a rage. Al'adar gasa wutsiya a soka ta cikin itace ta dace da fartanya, ba da tsohon takobi ba: zafin yana gangarawa ruwa, kuma gawayin da ya rage a cikin ramin yakan marmashe ƙotar ta sake saki. A manne ɓari biyun da gam ɗin fata, itace da itace kawai, a ɗaure kwana guda, sannan a sassaƙe waje. A bar ta da ɗan faɗi, kada ta zama zagaye sosai, don hannu ya san inda kaifi ya fuskanta.

Fata ta zama ta akuya, jimar bagaruwa, kaurin ƙasa da milimita ɗaya. A guji fatar kamfani. In ana shakka a yanki ƙyalle: ta kamfani cikinta shuɗi-toka ne, in an ƙona ta tokarta kore ce. In lulluɓi za a yi, a fere bakuna biyu su hau juna da milimita biyar, a ɗan jiƙa sabuwar fatar, a shafa kunun alkama, a ja ta lafe, a naɗe ta da igiyar auduga zagaye kusa da zagaye har kwana ɗaya. In aka warware igiyar za ta bar gurbi-gurbi da ke hana santsi. In kuwa naɗin tsirkiya ake so, ga lissafi: ƙota mai tsawon santimita 10 da kewayen santimita 9, da tsirkiya mai faɗin milimita 5, zagaye 20 ke nan, wato a tanadi mita biyu. Wayar azurfa ko tagulla ta fi ci: sili biyu na rabin milimita in aka murɗe su faɗinsu kusan milimita ɗaya ne, zagaye 100, mita tara na murɗaɗɗiya, wanda ke buƙatar sama da mita ashirin na silin. A huda ƙaramin rami a sama da ƙasa a cusa bakin wayar a toshe da tsinke. Ba a yin dalma a kan ƙota. Kada a mayar da takobin kube sai bayan mako guda, fatar ta bushe sarai.

Tsohon makari da dunƙule su za a mayar. Ragowar tsohuwar ƙota a zuba a ambulan, a rubuta ranar gyara da sunan wanda ya yi, a ajiye tare da takobin.

TAMBAYA: Bayan gyara, a ina ya kamata a ajiye shi? Kuma wani dillali yana ta zarya yana so ya saya. Daga wani dattijo, Njamena.

AMSA: Baba, a ɗakin da ake kwana, ba a rumbu ko kicin ko ƙarƙashin kwanon rufi ba. Kada ya jingina da bango, domin gara da laima ta nan suke hawa. A kwantar da shi a kan katako da aka shimfiɗa wa ƙyallen auduga, ƙotar ba ta ɗaukar nauyi. Rataya shi da hamila shekara da shekaru yana tsinka zoben kube. Bargon ulu yana baƙanta azurfa, leda a rufe kuma tana tara gumi da damina. Abin da fata da itace suke so shi ne laimar da ke tsakanin kashi 45 da 55. In ta wuce 65 fumfuna da tsatsa sun samu wuri. Akwatin katako mai rufi yana rage musu kaifin sauyin da ke tsakanin Maris da Agusta.

A zare shi sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta. A goge ruwan da tsumma mai ɗigo uku na man keken ɗinki, a tsaya kafin makari don kada man ya kai fata. Tagulla da azurfa a shafa musu kaki siriri, Renaissance Wax in an samu, a goge da busasshen ƙyalle. Mai ɗauka ya wanke hannu ya bushe.

Dillali kuwa, kada a yarda ya sa a goge takobin ko a sabunta ƙotar kafin ciniki, hakan rage masa daraja yake yi. Fitar da kayan tarihi daga ƙasa yana buƙatar izinin hukumar al'adu, in kuma akwai hauren giwa a jiki, an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1990. Kafin a yanke shawara a ɗauki hotunan tambarin ruwan da na ƙotar ta fuska huɗu, a nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na ƙasa da ke nan Njamena.